Allurar da Ke Ƙirjin Tabawa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama, ya ɓoye a tsakaninsu abin da ido bai isa ya kewaye ba. Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ni ne Korau ɗan Nomau, wanzami jikan wanzami, mutumin Gangaren Kirya da ke bakin Kogin Toka, a wata ƙasa mai nisan da fatakenku ba su taɓa takawa ba. Na yi aski, na yi ƙaho, na cire belu, na tsaga ƙurji har gashina ya fara fari. Amma aiki ɗaya tak na yi wanda ya isa a ba da labarinsa, shi kuwa ba da aska na yi shi ba.

Matata Tabawa ɗinkin hula take yi. Ta saba maƙale allura a leɓe idan tana warware zare. Wata rana da hantsi tana zaune a rumfa, atishawa ta taso mata ba shiri, ta ja numfashi da ƙarfi, allura ta wuce.

Da farko dariya ta yi. Bayan 'yan kwanaki dariyar ta ɗauke, don ko murmushi ta yi sai ta dafe ƙirji. Na ba ta kuɓewa, na ba ta zuma da man shanu, na jiƙa saiwar da kakana ya koya mini, allura ba ta fito ba. Na san inda ta tsaya, ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, daf da zuciya. Da yatsa ina iya nuna wurin.

"To ka tsaga mana, Sarkin Aska," in ji ta. Haka take kirana idan tana so ta tsokane ni. "Ka tsaga mutanen gari kaf, ni ce ka raina?"

Na ce, "In na tsaga, Tabawa, zan fito da allura, amma ke ba za ki tashi ba."

Ta ɗauki hularta ta ci gaba da ɗinki.

Ana cikin haka wani bafatake mai suna Anaruwa ya sauka garinmu, ya zo aski. Ina jiƙa masa kai sai na ga abin da ya rataya a wuya: zobba biyu sarƙe da juna, ɗaya na dutse, ɗaya na icen kanya. Na juya su, na bi su da farce, babu tsaga, babu liƙi. Kowanne cikakke ne kamar yadda aka sassaƙa shi.

Na ce, "Baƙo, ta ina wannan ya shiga cikin wannan?"

Ya ce, "Ta inda mutanen Birnin Babu-Ƙofa suke shiga gidajensu. Na ga mace a can ta cire gwaiduwa daga ƙwai ba ta fasa shi ba. Kada ka tambaye ni yadda ta yi, ni dai na gani, kaina ya yi ciwo, na taho."

Ban san yadda na gama askin nan ba. Kafin damina ta sauka na ɗaure zabirata, na ɗora Tabawa a kan jaki, muka kama hanyar da ya kwatanta mana.

Mun ratsa dajin da itatuwansa ke sunkuyawa su sha ruwa da rassansu. Mun haye Kogin Toka a kwalekwalen wani mutum da ba ya magana sai da waƙa. Mun bi ta wani fili na gishiri, fari fat, inda sama da ƙasa suka haɗe har jakinmu ya riƙa taka gajimare. Tabawa ta rame, muryarta ta yi siririya, amma idonta bai bar kallo ba. Ita ce ta fara lura ƙasar ta sake hali.

"Maigida, wa ya kwance mini ɗankwali?"

Ba wanda ya kwance. Ƙullin ya zame ne kawai, bakin ɗankwalin biyu suna nan yadda suke. Da la'asar igiyar kayanmu ta yi haka. Na ƙulla, na ja da ƙarfi, na juya baya, na waiwayo na tarar da ita miƙe a ƙasa. Goran ruwanmu a toshe yake da kakin zuma, amma muka sami furen wata bishiya yana yawo a cikinsa. Iska kuwa tana taɓa mutum a wuraren da iska ba ta taɓawa, sai ka ji sanyi ya shafi hantarka ya wuce.

Daga nan muka fito wata makiyaya mai ciyawa shuɗiya, muka hangi ganuwar birnin can nesa. Muna tsakiyar makiyayar sai wani abu ya bayyana a gabanmu a sarari, bai taɓa ƙasa ba. Ya fara kamar ƙwayar gero, ya kumbura ya kai tulu, ya kai rumbu, jikinsa da gashi ja kamar na saniya. Ya tsaya, ya motsa, ya tsuke, ya ɓace. Wani ya fito a hagu, wani a bayanmu. Wani ya rabu biyu, ya sake haɗewa. Babu ƙara sai numfashi mai ɗumi da warin garke. Ɗaya ya kumbura a kan wani dutse, dutsen ya niƙe ya zama gari.

Jaki ya ƙame. Na riƙe linzaminsa, na rasa ta inda zan gudu, don abin ba daga gabas yake zuwa ba, ba daga yamma ba, fitowa kawai yake yi.

Tabawa kuwa ta ƙura ido, leɓenta yana motsi kamar mai lissafin zare.

"Maigida, tsaya. Ɗinki ne."

"Wane ɗinki kuma, ana batun rai?"

"Dubi. In na soka allura a hula, a fuskar hular me kake gani? Ɗigo a nan, ɗigo a can. Amma zare ɗaya ne, ta baya yake tafiya. Waɗannan ba abubuwa ne barkatai ba. Ƙafafu ne. Dabbar tana wani wuri da ba mu gani, mu ne hular da take sokawa." Ta yi tari, ta share baki. "Wancan da wancan na dabba ɗaya ne. Ta ɗaga wannan, to can za ta sauke. Ja jakin nan dama. Yanzu!"

Na ja. Inda muka bari ya cika da jan gashi. Ta ce tsaya, na tsaya. Ta ce gaba, na yi gaba. Haka ta ɗinka mana hanya a tsakanin ƙafafun garken nan, tana nuni da yatsa, har ciyawa ta koma shiru a bayanmu.

A gindin ganuwa muka tarar da wata tsohuwa zaune, ta ɗora haɓa a kan sanda, tana kallonmu.

"Sannunku da hanya. Tun da nake ban taɓa ganin baƙo ya ratsa shanun nan da ƙafarsa babu jagora ba. Wace ce mai idon?"

Na ce, "Ga ta nan, Iya. Ita na kawo."

Sunanta Iya Zabuwa, ita ce mai maganin birnin. Ta dubi Tabawa, ta ɗan karkata, sai rabin jikinta ya shuɗe daga ganinmu kamar an ja labule, sa'an nan ya dawo.

"Allura ce," in ji ta. "Ta yi baƙi. 'Yata, kin daure."

Ganuwar ba ta da ƙofa ko ɗaya. Iya ta ce mu rufe ido, ta kama hannuwanmu, na ji kamar na faɗa rijiya, na buɗe ido muna cikin gari, har da jakin. Gidajen duk a rufe suke ruf kamar ƙwai. Mata suna ɗebo hatsi daga rumbunan da ba su da baki. Mutum zai taho, ya siranta, ya ɓace, ka ji gaisuwarsa daga cikin gida.

Da muka huta na durƙusa gaban Iya na roƙe ta ta cire allurar. Ta miƙo mini hannuwanta. Rawa suke yi kamar ganye.

"Da ƙuruciyata da tuni an wuce wurin. Yanzu in na kai hannun nan kusa da zuciyarta, ni zan kashe ta. Masu ƙarfin garin nan kuwa sun iya ɗebo hatsi, ba su san jijiya ba. Kai ka san jiki, hannunka a tsaye yake. Hanyar ce ba ka sani ba. Sai ka koya."

Ta kai mu wani zaure mai faɗi, haske yana zubowa daga sama. Ta ce da Tabawa, "Ke mai zare, taya ni. In an ja ɗigo, me zai zama?"

"Zare."

"In an jera zare gefe da gefe?"

"Ƙyalle."

"In an jibga ƙyalle kan ƙyalle?"

"Dila guda, irin ta fatake."

"To tsawo ke nan, da faɗi, da tudu. A nan idonku ya tsaya. Mu kuwa muna da na huɗu, muna ce masa loko. Ana jera dila kan dila ta wajensa, ba gefe ba, ba sama ba."

Na ce, "Iya, nuna mini da yatsa."

"Duk inda na nuna, ba nan ba ne."

Ta ɗauko kejin gora mai kusurwoyi daidai, ta riƙe shi ƙarƙashin hasken. Inuwarsa ta faɗi a ƙasa: babban zane mai kusurwa huɗu, da ƙarami a cikinsa, da layuka suna haɗa su.

"Wanne ya fi girma, saman kejin ko gindinsa?"

"Daidai suke."

"Amma inuwa ta ce ɗaya ƙarami ne. Inuwa ba ta yi ƙarya ba, wuri ne ya yi mata kaɗan. Yanzu ɗaga kanka."

A tsakiyar zauren wani abu yana rataye ba igiya. Keji ne na haske, da ƙaramin keji a cikinsa, sanduna suna haɗa kusurwoyinsu. Yana motsi a hankali. Ƙaramin ya kumbura ya fito ta gefe, ya zama shi ne babba, babban ya tsuke ya shige ciki, kamar ana juya riga ba a daina ba.

"Wannan ma inuwa ce," in ji Iya. "Ta wani gida ce mai ɗaki takwas, duka girmansu ɗaya, yana juyawa a loko. Zauna ka kalla. Ranar da ka ga gidan, ba inuwar ba, ƙafarka za ta san hanya."

Na zauna. Na kalla har idona ya yi ja. Kullum da safe sai in zo, in kalli keji yana haɗiye keji, in koma da ciwon kai. Mangwaron tsakar gidan Iya ya yi fure, furen ya zube, 'ya'ya suka fito, ni ban ga komai ba. Tabawa kuwa ta daina tashi. Sai an jingina ta take iya numfashi, in ta yi tari sai a ga ja a ƙyalle.

Wata rana na fito daga zauren na zauna kusa da ita, na ce, "Tabawa, kaina ya ƙi. Ke da kika gane shanun nan da kallo ɗaya, da ke aka ce ki je."

Ta ce, "Ni na gane da ka, kai ake so ka gane da jiki." Ta huta. "Ka tuna ranar da muka baro gida? Na waiwaya daga kan jaki na ga kukar ƙofar garinmu ta zama kamar tsinke. Har na ji tausayinta. Sai na ce, ke Tabawa, kuka ba ta ƙanƙance ba, ke ce kika yi nisa."

Ta rufe ido, barci ya ɗauke ta. Ni kuwa na miƙe na koma zauren.

Rana tana tsaka. Na dubi ƙaramin kejin nan na ciki, na ce a raina, kai ba ƙarami ba ne, nisa ka yi. Ban rufe baki ba sai abin ya buɗe. Kejin ya daina kumbura, ya daina tsukewa. Na ga gida tsayayye, ɗakuna takwas, babu wanda ya lanƙwashe, yana juyawa cikin natsuwa, wannan ɗaki ya matso, wancan ya yi nisa, ta wata hanya da take nan tun da aka haife ni, kusa da kafaɗata, ban taɓa waiwayarta ba. Na ji jikina yana son ya karkata can, kamar yadda mai barci ke karkata.

Na ƙwala kira, "Iya! Na ga gidan!"

Ba ta ɓata lokaci ba. Aka kwantar da Tabawa a tabarma a tsakar gida. Na wanke hannu, na yi addu'a. Iya ta ce, "Taku kaɗan ya ishe ka. Kada ka yi nisa. Ka ja allurar ta wajenka, ba sama ba, ba gefe ba."

Tabawa ta buɗe ido ta ce, "Sarkin Aska, ban da ƙaiƙayi."

Na karkata.

Jama'a, a nan harshe yake gazawa, amma zan kwatanta iyakar iyawata. Bangon gidan ya zama kamar layin da yaro ya ja a ƙasa, ina ganin cikinsa da bayansa a lokaci ɗaya. Na ga ruwa tsaye a cikin randa ta kowane gefe. Na ga ƙwai a cikin kaza, da tsutsa a naɗe cikin mangwaro tana barcinta. Babu abin da yake da ciki, komai a shimfiɗe yake kamar an shanya shi. Ga Tabawa a gabana, a buɗe kamar furen kabewa da safe, babu jini, babu rauni. Na ga huhunta yana cika yana saki, na ga jijiyoyi kamar saiwar gamba, na ga zuciyar da na zauna da ita shekara da shekaru ban taɓa gani ba, 'yar ƙarama, tana ta aikinta ba ta san ana kallonta ba. Hawaye ya zubo mini, ban san ta ina ya gangara ba.

Allurar tana kwance a jikin zuciyar, baƙa ƙirin. Duk bugu sai tsininta ya taɓa. Na tsaya na saurari bugun har numfashina ya bi shi. Da zuciyar ta tsuke ta ja baya, na sa yatsu biyu, na ɗauke allurar ta wajena. Ba ta ratsa komai ba. Ta taso kamar an ɗauke tsinke daga kan faifai.

Na ga huhun ya cika har ƙasa, irin cikar da ya daɗe bai yi ba.

A daidai nan wata inuwa ta rufe ni, na juya in ga ko mece ce. Saniya ce, ɗaya daga cikin garken nan, amma yanzu gaba ɗayanta nake gani. Girmanta ya kai tsauni, ƙahoninta sun yi rassa ta hanyoyin da ba ni da sunansu, idonta mai sanyi yana dubana kamar ta san ni. Ta wuce a hankali, na bi ta da kallo, na juya, na ƙara juyawa. Da na waiwayo, babu gidan Iya, babu birni. Duniyarmu duka siririya ce a can, kamar ƙyalle in ka dube shi ta baki. Na ɗan kauce, ta ɓace mini.

Na yi kira, ba amsa. Ko'ina haske ne mai launin ruwan tafki, ba sama, ba ƙasa. Ban ji tsoro irin na makiyaya ba. Wani daɗi ne ma yake jana, kamar a ce mini in saki jiki in yi ta tafiya. Allurar ce ta soke ni a tafin hannu, na farga.

Na tuna shanun nan a ciyawar duniyarmu suke kiwo. Duk inda ƙafarsu ta sauka, nan ce ƙasa. Na daddafa na kamo gashin cinyar saniyar, na bi ƙafar ina zamewa, ina zamewa, har na ji ciyawa ta doki fuskata.

Ina kwance a makiyaya, da la'asar sakaliya. Na tashi na nufi ganuwa, sai na ga abin mamaki: dutsen da na sani a dama da birnin ya koma hagu. Na tsaya a gindin ganuwa ina ƙwala kira har Iya ta fito ta shigar da ni.

Tabawa tana zaune da kanta, ba jingina, tana shan kunu. Na buɗe hannu na nuna mata allurar. Ba ta dubi allurar ba, fuskata take kallo.

"Maigida, wa ya mayar maka da tsagarka ɗaya kuncin?"

Iya ta kama hannuna, ta ɗora tafinta a ƙirjina ta hagu, ta matsar da shi dama, ta yi ajiyar zuciya.

"Ka juya a can, ɗana, ka dawo a juye, kamar takalmin dama da ya zama na hagu. Ana gyarawa. Sai ka koma ka sake juyawa."

"Ba inda za shi," in ji Tabawa. Ta ajiye kwanon. "Na ga yadda kika yi ta leƙawa kina dawowa ba shi. A bar mini shi haka."

Na zauna kusa da ita. Na ce, "Af, Tabawa. Ƙuliƙulin nan da Iya ta ce kada ki ci, kika rantse ba ki taɓa ba. Na gan shi."

Ta yi dariya. Ta yi ta har da hawaye, ta kai hannu za ta dafe ƙirji, sai ta tsaya, ta dubi hannun, ta sauke shi, ta ci gaba da dariyarta.

Mun koma Gangaren Kirya bayan kaka. Ban sake karkata ba, ko da yake har gobe ina jin hanyar nan kusa da kafaɗata, musamman in iska ta kaɗa. Mutanen gari suka ce Korau ya dawo bahago. In na miƙa hannun da na sani dama ne, sai dattawa su ɓata fuska, dole na koyi ci da gaisuwa da ɗayan, kamar yaron goye. Rubutun allo ya juye mini, sai da na sake zama gaban malami da furfurata. Masu aski suka gudu na ɗan lokaci, sa'an nan suka dawo, don hannun bai manta aikinsa ba.

Tabawa tana nan tana ɗinkinta, a jikin hula take soke allura yanzu. Wani lokaci in na dawo daga kasuwa na kishingiɗa a rumfa, takan zo ta ɗora kai a ƙirjina ta hagu, inda ta saba. Sai ta ji shiru. Sai ta yi tsaki, ta tashi, ta zagayo ta ɗaya gefen, ta kwanta.

"Yawwa," takan ce. "Ga ka nan."